Dashe a Tsakiyar Fuska

Karan hancina ya karye ne ranar da 'yan bindiga suka shigo garinmu. Na tambayi ɗayansu inda za su kai mijina, ya juya bindiga ya ba ni amsa da gindinta. Mijin bai dawo ba. Hancin ya warke a lotse, tsakiyar fuskata ta zama kamar malmalar tuwon da aka danna da babban yatsa. Tun daga ranar na rage tambaya.

Da ƙafa muka iso Maiduguri, ni da 'yata. Muka zauna inda aka ajiye mu, daga baya muka samu ɗaki a Gwange, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. A garinmu noma nake yi. Idan damina ta wuce, ruwa ya janye daga firgi, wato baƙar ƙasar nan mai tsagewa, sai mu dasa masakwa, dawar rani. A Gwange babu firgi, sai kwata. Na koyi ɗinkin hula. Hula ce ta ciyar da mu, ita ta sa yarinyar a makaranta har ta girma ta fara koyar da wasu.

Hancin bai dame ni ba. Yaran unguwa sun yi kallo sun gaji. Idan zan shiga kasuwa sai in ja mayafi. Numfashina yana fita da 'yar ƙara kamar butar shayi ta kusa tafasa, na saba da ita. Ido ne ya dame ni. Shekaru suka tura, kafar allura ta fara ɓuya mini. Da la'asar jan zare da ruwan goro sai su zama abu ɗaya. Wata rana mai karɓar hulunanmu ya dawo mini da guda, ya sa farce ya nuna inda na tsallake zane. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗan ya fi mini sauƙi.

'Yata ta kai ni wurin masu duba ido, suka ba ni tabarau. Na sa, na ga kafar allura kamar ƙofar zaure. Na sunkuya a kan hula, tabarau ya zame ya faɗo cinyata. Ba shi da wurin zama. Muka ɗaure shi da zare ta ƙeya, gilashin ya manne da gashin idona, gumi ya rufe shi. Muka cusa auduga a ƙarƙashi, ya karkace, kaina ya yi ta ciwo. Na koma riƙe shi da hannun hagu, amma hula hannu biyu take so.

Maƙwabciyata Bafulatana ce, tsohuwa, mijinta dillalin shanu ne kafin ya rasu. Ni kuwa Babarbariya. Wasan da ke tsakaninmu tun kakanni yake: ba ta kirana da komai sai baiwata, ni ma haka nake kiranta. Hancinta dogo ne, siriri. Ta tsaya a kaina tana kallon kokawata da tabarau.

"Baiwata, in yanko miki rabin nawa? Ya yi mini yawa, ba duka nake aiki da shi ba."

"Riƙe abinki," na ce. "Ya riga ya saba da warin shanu."

A bakin wata malama 'yata ta ji cewa wasu likitocin gyaran fuska sun zo wani asibiti a cikin gari, suna duba waɗanda rikici ya ɓata wa jiki. Ta je ta sa sunana ban sani ba. Da ta faɗa mini na ce a'a. Na ce na yi shekaru da wannan fuskar, ita zan kai kabari.

"Iya, ba don kyau ba ne," ta ce. "Don tabarau ne."

Na bar musu. Ta san halina, ta fara neman keke napep.

Likitan da ya duba ni Turanci yake yi. Ya taɓa fuskata a hankali, ya haska fitila cikin hancina, ya yi magana mai tsawo. Wata nas ce take mayar mini da Hausa, 'yar Kano, Hausarta da gudu. Ni kuwa Hausa ba a gida na same ta ba. A bakin 'yan ci-rani na koye ta, masu zuwa mana aikin gona, sai kuma kasuwa.

"Mama, dashe za a yi miki," in ji ta. "Za a buɗe ta cikin hancin, a dasa wani abu a kan ƙashin, ya ɗaga karan. In jiki ya karɓa, ya kama, shi ke nan, ya zauna ke nan. Zai ɗan kumbura da farko. Kada ki bari ruwa ya taɓa wurin. Kina da tambaya?"

Na ce babu.

A ranar kalmar ba ta ba ni tsoro ba. Daɗi ma ta yi mini. Dashe aikina ne, na ji kamar an ambaci wani ɗan garinmu. 'Yata ta sa hannu a takarda, ni na dangwala yatsa.

Ranar aikin suka cire mini zani da ɗankwali, suka ba ni wata riga mai buɗaɗɗen baya. Suka kwantar da ni a gado mai taya. Ban son kwanciya rigingine mutane na tsaye a kaina. Duk fuskokinsu a rufe, ido kawai. Na taɓa ganin mutane masu rufaffiyar fuska a tsaye a kaina, jikina bai manta ba. Na riƙe ƙarfen gadon gam. Nas ɗin ta dafa kafaɗata ta ce in yi salati. Ban kai ƙarshensa ba.

Na farka hancina a toshe da auduga, filasta mai tauri a kansa, bakina a buɗe. Suka riƙe ni kaɗan, suka cire audugar ciki, suka sallame ni da ƙwayoyin magani a leda. Hancin dai bai buɗe ba, ta baki nake numfashi.

A gida abin ya fara. Ƙasan idanuna ya yi ja, ya koma baƙi kamar an shafa mini gawayi. Fatar ido ta cika ta yi nauyi. Da na tashi wata safiya na hagu ya rufe ruf, na sa yatsa in buɗe shi ya ƙi. Na dama saura 'yar tsaga, kamar bakin asusu. Nas ta ce zai ɗan kumbura. Wannan ya wuce ɗan. Kuma akwai wani ciwo da ban taɓa jin irinsa ba: daga gindin hanci yake tashi, ya bi ta ƙarƙashin fata, dama da hagu, kamar ana jan zare zuwa ido. Hawaye yana zuba da kansa ba kuka nake ba.

Bazara ce. Ina zaune a inuwar katanga, 'yata ta tafi makaranta, sai kalmar ta dawo mini.

Ga yadda ake dashen masakwa. Saman ƙasa ya bushe ƙayau. Mutum ɗaya yana gaba da sanda mai tsini yana huda rami, na biye yana zuba ruwa kaɗan, na baya ya sa iri ya wuce. Ba a sake ba ta ruwa. Ba ruwan sama, ba ban-ruwa. Saiwar ce take neman danshi da kanta. Na taɓa tona gindin guda don in gani. Fara ce, siririya kamar zaren ɗinki, amma ta ratsa ƙasar da fartanya ke tsalle a kanta, ta yi ƙasa har hannuna ya kasa kai wa ƙarshenta. Duk inda danshi yake sai ta same shi.

To a fuskar mutum ina danshi yake?

Na ɗaga yatsa na auna daga filasta zuwa kwarmin ido. Ko gaɓa ɗaya bai kai ba.

Sanyi ya kama ni cikin wannan zafin. Komai ya zauna mini daidai: jan zaren da nake ji saiwa ce, baƙin ƙasan ido inda ta bi ne, na hagu ta riga ta isa. Shi ya sa nas ta ce kada ruwa ya taɓa wurin. Na ce a raina wataƙila a jikin wasu saiwar ƙasa take yi, ta maƙogwaro, ba ta cutar da su. Tawa ta yi gefe. Na zo neman wurin ajiye tabarau, zan koma babu idon da za a sa wa tabarau. Na ga kaina a bakin titi da sanda, 'yata ta bar makaranta tana ja na.

Ban faɗa wa kowa ba. Yarinyar ce ta kai sunana, ita ta sa hannu. In na ce mata abin da ta jawo mini zai makantar da ni, da shi za ta rayu. Asibiti kuwa, su suka dasa, sun san abin da suka dasa. Ban ga amfanin komawa in tsaya gaban masu rufaffiyar fuska in ce me ya sa ba.

Amma na san abin da ke kashe dashe. Ya nemi danshi ya rasa. A kwanakin farko ake samun sa, kafin ya kama. In ya kama an makara. Na sha ganin gona guda ta kwanta don an dasa a inda ƙasa ta bushe har ciki.

Na yanke in busar da ƙasar.

Da yamma na ce wa 'yata gobe zan tashi da azumi, akwai ramuwa a kaina.

"Yanzu, Iya? Da magani a hannunki? Ki bari ki warke mana."

"Ban san ko zan warke ba. Ba na so in tafi da ita."

Ta yi ta magana, na juya mata baya. Ta haƙura, ta raba mini maganin zuwa asuba da magariba. Ƙwayoyin a bushe nake haɗiye su, suna kankare mini maƙogwaro. In an kira magariba ta miƙo mini moɗa, sai in kai baki, in motsa wuya kamar ina sha, in tashi da ita zuwa bayan gida in zubar. Kunu ma kwata ke sha. Dabino nake ci da busasshen burodi. Alwala dama an hana ni wanke fuska, na mayar da ita taimama gaba ɗaya, na ce hannuna ma ba ya son ruwa.

Wanda bai zauna a ɗakin kwano a Maiduguri da bazara ba, ba zan iya gaya masa ba. Babu wuta, fanka a tsaye. Iska in ta shigo kamar daga bakin tanda. Ga bakina a buɗe dare da rana. Harshena ya zama kamar fatar da aka shanya, yana manne wa dasashi, in zan yi magana sai na ɓamɓare shi. Leɓena ya tsage. In mai ruwa ya shigo da kurarsa yana juye jarka a randar maƙwabciyata, ƙarar tana shiga har cikin ƙashina. Sai in toshe kunne.

Akwai igiyar shanya a tsakar gidan, shuɗiya. Ita na mayar ma'auni. In buɗe tsagar idon dama in neme ta. In na gan ta, da saura. In rufe, in jima kaɗan, tsoro ya sake tasowa, in sake nema. Wani lokaci sai ta rabu biyu. Wani lokaci ta yi rawa.

Fitsari ya ragu, ya yi ja, ya tsaya. Kaina yana sara. In na miƙe katanga sai ta juya. Sai kuma hawayen nan mai zuba da kansa ya ƙafe. Na taɓa gefen ido na ji shi a bushe. Wallahi murna na yi. Na ce ƙasa ta fara bushewa, saura kaɗan dashen ya mutu, in ya so su buɗe su cire gawarsa.

Da hantsi Bafulatana ta fito da ƙwarya, ta dama fura da nono, har da ƙanƙarar da ta aika aka sayo. Ta zauna kusa da ni tana juya ludayi.

"Tashi ki sha, baiwata. Tunda an ba ki hancin Fulani sai ki koyi abincin iyayen gijinki."

Na ce azumi nake. Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

"Azumin me? Jiya azumi, shekaranjiya azumi. Watan ya dawo ne ba a gaya mana ba?"

Na kau da kai. Ƙanshin nonon ya fi ƙarfina, ko da hanci a toshe ina jin sa a harshe. Ta ajiye ludayin. Ta kama hannuna ta tsunkuli fatar bayansa, ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye. Ta leƙa cikin bakina. Wasan ya bar fuskarta.

"Ke ba azumi kike ba. Mai azumi yana da yawun tofarwa. Yaushe rabonki da ruwa?"

"Ƙyale ni."

"Ba zan ƙyale ki ba. Kashe kanki za ki yi a ƙofar ɗakina?"

Na dafa katanga na miƙe don in shige ɗaki in rufe. Na nemi igiyar ban gan ta ba. Ban ga komai ba, duhu ne ya taso daga ƙasa. Na ce shi ke nan, saiwar ta isa na daman. Abin da na tuna na ƙarshe, na rufe idanuna da tafin hannu biyu ina faɗuwa.

An ce ihun tsohuwar ya tara unguwa. An ce a keke napep aka kai ni, kaina a cinyarta, wani ya ruga makaranta ya kira 'yata. Ban san ko ɗaya ba.

Da na dawo hayyacina ina kwance rigingine. Tsagar idon dama ta buɗe, na ga farin silin. Na gode wa Allah. Sai na ga ƙarfe a tsaye kusa da gado, leda a rataye, siririn tiyo ya sauko ya shige bayan hannuna. Abu yana ɗiga a ciki, ɗis, ɗis. Wata ma'aikaciya tana gyara shi.

"Mene ne wannan?" na ce.

"Sannu Mama. Ƙarin ruwa ne. Wannan ta biyu ce ma, jikinki ya sha ta farko kamar rairayi."

Na fizge tiyon. Jini ya biyo shi ya ɓata zanin gado. Na yunƙura zan sauka, suka taru suka danne ni, wata a kafaɗa, wata a ƙafa. Da na ji hannaye a kaina sai Hausa ta gudu daga bakina. Da Barbarci nake ihu. Ina cewa kuna ba shi ruwa, kuna ba shi ruwa, zai cinye mini ido, na kusa kashe shi kun tashe shi.

'Yata ce kaɗai ta ji abin da nake faɗa. Ta ce su sake ni. Ta durƙusa a gefen gado ta riƙe hannun da ke jini.

"Iya, wa ake ba ruwa?"

"Dashen."

"Wane dashe?"

"Na hancin. Ya yi saiwa. Ta ci na hagu, tana bin na dama."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta faɗa musu da Hausa. Wata ta fita da sauri, ta dawo da nas ɗin nan 'yar Kano.

Ba ta yi dariya ba, wannan na riƙe mata. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskata.

"Mama, wa ya ce miki yana saiwa?"

"Ke. Kin ce dashe. Kin ce zai kama."

Ta ce, "Innalillahi." Ta tashi ta fita, ta jima, ta dawo da wani abu a tafin hannunta. Ta ce wannan shi likita ke ajiyewa a aljihun tebur yana nuna wa masu jin Turanci, ranar tawa ba a ɗauko shi ba. Ta sa mini a hannu.

Fari ne, tsawonsa bai kai ƙaramin yatsana ba, da ɗan lanƙwasa. Na kawo shi kusa da tsagar idona. Na matsa, ya lotsa ya dawo. Na sa farce na danna da ƙarfi in ga ko zai fitar da ruwa, bai fitar ba. Na juya shi ina neman ido ko gindi, inda tsiro zai fito. Sumul yake ko'ina. Na kai baki na ciza.

"Mama!"

Ba shi da ɗanɗano. Kamar kan bulumbotin jarirai.

"Irinsa ne a fuskarki," ta ce. "Roba ce. Ba ta da rai, ba ta taɓa yin rai ba. Ko a bakin kogi kika binne ta haka za ki tono ta."

"Kin ce zai kama."

"Namanki ne zai kama shi, ya riƙe shi kada ya motsa. Shi ba ya kama komai."

"Ruwan da kika hana fa?"

"Don ɗinkin ne, kada ya jiƙe ya ruɓe. Ban hana ki sha ba, Mama. Wa zai hana mutum shan ruwa a garin nan?"

"Idon fa?"

"An taɓa ƙashi, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Kowa haka yake yi. Zai washe."

Na riƙe abin a hannu ban sake shi ba. Ina so in yarda. Amma jan zaren yana nan, ina jin sa a lokacin ma.

Likitan ya zo da kansa. Ya sa yatsu biyu ya buɗe fatar idon hagu da ƙarfi. Haske ya shigo kamar an soka mini allura, na ga fuskarsa, na ga gashin da ke cikin hancinsa, na ga 'yata a bayansa ta toshe baki da mayafi. Idon yana nan. A rufe kawai yake, kamar ɗakin da aka ja wa ƙofa. Ya saki, ya yi magana, nas ta mayar: ido lafiya lau, hancin ma bai goce ba duk da faɗuwar. Ƙoda ce ta ba shi tsoro. Da na ƙara kaɗan a haka, da ita zan rasa.

Bafulatana tana zaune a ƙasa a jikin bango tun ɗazu, ban lura da ita ba. Ta gama share ido da gefen zani.

"Daga yau roba zan riƙa cewa," in ji nas. "Na bar cewa dashe."

"Kul," tsohuwar ta ce. "Ki ce mata roba ta ƙi zuwa kusa da murhu, ta ce za ta narke? Ta kashe mu da yunwa? Barebari ne fa, 'yar nan. Ki ce dutse ne kawai."

Ma'aikatan suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, leɓena ba zai bari ba. 'Yata ma ba ta yi ba.

"Iya, me ya hana ki tambaye ni?" ta ce da Barbarci. "Ina kwana kusa da ke. Ina miƙo miki ruwa da hannuna."

"Ke kika sa hannu a takardar."

Ta miƙe ta fita. Na ɗauka fushi ta yi, kuma fushin ta yi. Ta dawo da kofin ruwa, ta tallafi ƙeyata. Na kalli ruwan. Na kalli robar da ke hannuna. Na kurɓa kaɗan, na jira in ji ko zaren zai motsa. Ta ƙi janye kofin. Na shanye.

Suka mayar da tiyon a ɗaya hannun. Na bari, amma yinin nan duka idona yana kan ledar. In ta ɗiga sau da yawa sai in rufe ido in buɗe, in tabbatar silin yana nan. Nas ta karɓi robarta da za ta tashi aiki, da shaidar haƙorina a jiki.

Sun riƙe ni har fitsari ya dawo fari. A gida baƙin ya koma kore, ya koma rawaya, ya tafi. Idon hagu ya buɗe da kansa ina tsakiyar cin tuwo. Jan zaren ya daɗe bai bari ba, sai da na manta da shi sannan na lura babu shi. Aka cire filasta, aka ce in jira ƙashi ya huta kafin in ɗora masa komai. Na jira. Da aka ba ni izini na sa tabarau, na sunkuya, ya zauna. Na koma kan hula. 'Yata ta yi kwanaki ba ta yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba, kuma ko yanzu in ta ba ni ruwa tsayawa take yi sai ta ga ƙasan moɗar.

Ruwan farko na shekarar a hanya ya same ni, na kai huluna ina dawowa. Hadari ya taso ta gabas, iska ta kwashi ledoji tana yawo da su, mutane suna ta hamdala. Na shigo lungunmu ke nan ɗigo ɗaya mai nauyi ya sauka daidai kan karan hancina, ya gangara gefen ido.

Na san roba ce. Na riƙe ta, na cije ta da haƙorina. Ƙafafuna ba su jira wannan sanin ba. Na kife jakar hula a fuska na zura da gudu, takalmi ɗaya ya fita ban tsaya ba, sai da na faɗa zaure. Na goge wurin da mayafi har ya yi zafi. Na rufe idon hagu na duba da na dama. Na rufe na dama na duba da na hagu.

Ta ƙofar tsakar gida na hango Bafulatana tana jan bahonta zuwa ƙarƙashin indararo, ɗankwalinta ya jiƙe ya manne mata a ka.

"Baiwata! Kina tsaye kina kallona? Fito ki kama mini, ruwan banza yana zuba!"

Na ninka mayafin biyu na yafa a fuska, na bar ido kawai, na fita na kama mata ɗaya kunnen bahon.